Kalmar "jere" da tsarin ɗaki da na ƙaramin shago

1. Gabatarwa

Inda Faransanci yake amfani da kalma guda, watau décoration, Hausa rarrabewa take yi. Ana yi wa mutum ko doki ado, mace tana yin kwalliya, magini yana yi wa bango zane, amma kayan ɗaki jera su ake yi. A kan wannan kalma ta ƙarshe za mu tsaya. Abin da muke son nunawa shi ne, cikin ma'anarta akwai ƙa'idojin tsara wuri waɗanda za su amfani mai ɗaki guda da mai ƙaramin shago, ba tare da an ci bashi ba.

2. Ma'anar kalmar

Mu dubi waɗannan misalai:

(1) Ta jera kwanuka.
(2) Kwanukan sun jeru.
(3) Mata sun tafi jere.

A (1) aikin kansa ake faɗi. A (2) siffar aikatau mai ƙarewa da -u tana nuna cewa aikin ya yi kyau, ya kammala. A (3) jere sunan al'ada ne: dangin amarya mata su je su shirya mata ɗaki kafin a kai ta. Abin lura shi ne, jera ba ya karɓar abu guda. Ba a cewa "ta jera tasa ɗaya". Ke nan a tunanin Bahaushe kyan ɗaki yana cikin yadda kaya suka zauna da juna, tsadar abu guda ba ta kawo shi.

3. Ƙa'idojin jere

Kayan sun sake da zamani. Da ƙorai ne da fayafai da tasoshi, daga baya kwalla da langa, yanzu kuma tangaran cikin kabad mai gilashi. Amma ƙa'idoji uku ba su sake ba. Ta farko, ana bin girma: babba a ƙasa, ƙarami a bisa, iri ɗaya wuri ɗaya. Ta biyu, abin da ya fi kyau yana zama inda idon mai shigowa zai fara sauka, watau bangon da yake kallon ƙofa. Ta uku, kaya suna bin bango, tsakiya tana nan fili, domin a nan ake shimfiɗa tabarma, a ci abinci, a yi salla, a tarbi baƙi.

Ƙa'ida ta uku ce aka fi karyawa a yau. Ɗaki mai mita 4 tsawo da mita 3 faɗi, in an sa masa gado mai mita 2 da kabad da manyan kujeru uku, ba sauran wurin tabarma, sau da yawa ma taga ta toshe. Iyaye sun ci bashi, amarya kuma tana wuni a tsakar gida saboda zafi. Kafin a sayi kaya, sai a auna bango da igiya, a tafi da ita wurin kafinta.

4. Bango, haske da iska

Jere ba ya fita sai a kan bango mai haske. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Tawa da Maraɗi da Damagaram. Farar ƙasa tana mayar da hasken rana, baƙin launi kuwa shanye shi yake yi. Bangon ƙasa yana bukatar ya fitar da laima. In an shafe shi da siminti ko fentin mai, laimar tana taruwa a ciki, shafen ya ɓamɓare. Shi ya sa maginan da suke amfani da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Wanda ya zaga unguwar Birni a Damagaram, garin da ya kasance babban birnin Nijar har 1926, zai ga an tara zane a fuskar gida, musamman kewayen ƙofar zaure. Wannan ita ce ƙa'ida ta biyu, an fito da ita waje.

Hadarin damina daga gabas yake tasowa, ƙurar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Taga ta wannan gefe tana son ƙyaure mai rufuwa sosai da labule mai kauri. Game da fitila, ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kusan daidai da tsohon ƙwai mai wat 60, kuma ba ya ɗumama ɗaki.

5. A shago

Mai tebur da ya ɗora gwangwanayen tumatir bisa juna, jere yake yi. Mai shago ma haka. Buhunan shinkafa da jarkokin mai a ƙasa, bisa katako saboda gara da laima. Kayan da aka fi nema a daidai ido, wajen mita 1,5 daga ƙasa. Sabulu da kananzir da maganin sauro nesa da sukari da gari da ganyen shayi, domin waɗannan suna ɗaukar wari. Atamfa nesa da ranar bakin ƙofa, don kada ta koɗe. Sabon kaya a baya, tsoho a gaba. A bar wa mai saye wurin tsayawa cikin inuwa, kamar yadda ake barin tsakiyar ɗaki.

6. Kammalawa

Mun ga cewa jere ya ƙunshi girma, da idon mai shigowa, da fili. Masu koyar da sana'a da masu shirya littattafan yaƙi da jahilci suna da kalmar da jama'a suka riga suka sani, ba su bukatar ƙirƙiro wata. Aikin da ya rage shi ne tattara sunayen kayan jere gari gari, daga bakin tsofaffin mata, tun ana samun masu tuna su.