Halayyar Ƙwayoyi Idan an Jijjiga Su Inda Ƙarfin Jan Ƙasa Ya Yi Rauni

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ganin mace tana bakace ya san jijjiga takan raba ƙwayoyi gida-gida, tsaki ya koma gefe guda, gari kuma ya koma wani. Hausa ta tanadi kalmomi ga irin wannan aiki, kamar bakace da rairaya da tankaɗe, alamar an daɗe da sanin al'amarin. Sai dai ba a cika lura da cewa hannu rabin aikin kaɗai yake yi ba. Ɗaya rabin na ƙarfin jan ƙasa ne, wanda ke maido da kowace ƙwaya bisa faifai bayan an cilla ta. Wannan maƙala za ta dubi abin da masana kimiyya suka gano dangane da halayyar ƙwayoyi idan wannan ƙarfi ya yi rauni.

2.0 Daga doron ƙasa zuwa sararin samaniya

Idan aka jijjiga kwano mai ɗauke da manya da ƙananan ƙwayoyi, galibi manyan ne ke tasowa sama. A 1987 Anthony Rosato da abokan aikinsa suka bayyana cewa ƙananan ne ke zurarawa cikin guraben da ke buɗewa ƙarƙashin manyan. A 1993 kuwa masu bincike a Jami'ar Chicago suka nuna cewa ƙwayoyin kewayawa suke yi, su hau ta tsakiya su sauka ta jikin mazubi, hanyar saukar kuwa ta yi wa manyan ƙunci. Duka bayanan biyu sun dogara ne kan samuwar sama da ƙasa.

Cire wannan sharaɗi ba ƙaramin aiki ba ne. Jirgin sama mai tashi ya sulalo yakan samar da rashin nauyi na kimanin daƙiƙa 22 kacal. Don haka a 1998 Eric Falcon da abokan aikinsa suka sanya ƙananan ƙwayoyin tagulla cikin roka da aka harba daga ƙasar Suwidin, suka sami kimanin daƙiƙa 200. Inda ƙwayoyin ba su da yawa, sai suka watsu tamkar iska. Inda suke da yawa kuwa, sai suka dunƙule a tsakiya, duk da jijjigar da ake yi. Dalili shi ne kowane karo tsakanin ƙwayoyi biyu yana rage musu sauri, kuma inda cunkoso ya fi yawa nan karo ya fi yawa, nan kuma masu zuwa ke maƙalewa. Wato jijjigar da ke rabawa bisa faifai, a can tana iya tarawa.

Binciken ba na sha'awa kawai ba ne, domin yawancin ƙananan duwatsun da ke kewaya rana tarin tsakuwa ne da ba ya riƙe da ƙarfi. A 2005 kumbon Hayabusa na Japan ya isa dutsen Itokawa, wanda tsawonsa ya ɗara mita 500 kaɗan, ya tarar ƙananan tsakuwa sun taru a wurare na musamman. Masana sun danganta wannan da girgizar da dutsen ke yi duk lokacin da wani abu ya buge shi. A watan Oktoba na 2020 kuma kumbon OSIRIS-REx na Amurka ya taɓa dutsen Bennu domin ɗibar samfuri, sai hannunsa ya nutse kimanin rabin mita kamar babu abin da ya tare shi. Injinan da ya kunna don ja da baya ne suka hana shi ci gaba da nutsewa.