Inci 26, 27.5 Ko 29: Wace Ƙafa Ta Fi Dacewa Da Keken Gangaro Dutse?

Maƙalarmu ta wannan makon ta samo asali ne daga wata gardama da ta kaure a ajinmu lokacin tara. Ɗaya daga cikinmu ya kalli bidiyo a wayar yayansa, inda wasu Turawa ke gangarowa daga kan tsauni da keke, suna tsallake duwatsu da saiwoyin itatuwa kamar ba su san mutuwa ba. Abin da ya ba shi mamaki shi ne, ƙafar gaban wani keken ta fi ta baya girma. Wasu suka ce ƙarya ne, idonsa ne ya yaudare shi. Wasu suka ce ai mai keken ne ya rasa taya ya yi maleji. Da gardamar ta ƙi ƙarewa, sai muka kai ta Ƙungiyar 'Yan Jarida, muka yi bincike tare da taimakon malaminmu na Fasaha. Ga abin da muka gano.

Wane irin wasa ne wannan?

Tseren gangaro dutse wasa ne da ake yi a ƙasashe masu manyan tsaunuka, irin su Faransa, Ostiriya, Kanada da Sikotilan. Ba a sakin 'yan tsere gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin su daga ƙololuwa, agogo yana ƙirga wa kowa lokacinsa, wanda ya fi kowa saurin isa ƙasa shi ya ci. Yawanci tseren bai wuce minti uku zuwa biyar, kuma wani lokaci abin da ke raba na ɗaya da na biyu bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Shi ya sa ba sa raina komai a jikin keken, balle girman ƙafa.

Wasan ya fara ne a jihar Kalifoniya ta Amurka. A shekarar 1976 wasu matasa, ciki har da Charlie Kelly, Joe Breeze da Gary Fisher, suka riƙa tsere a wata gangara kusa da garin Fairfax. Tsofaffin kekuna suke hawa, masu kaurin taya, kuma ƙafafunsu inci 26 ne. Ba wai sun auna sun ga 26 ta fi kowace ba, ita ce kawai suka samu a hannu. Amma daga nan ta zama ƙa'ida, aka shafe kusan shekara talatin keken dutse bai san wata ƙafa sosai ba sai ita.

Me lambobin suke nufi?

Nan ne muka fara shan mamaki. Mun ɗauka in an ce inci 29, to ƙarfen rim ɗin ne ya kai inci 29. Ashe ba haka ba ne. Lambar ƙiyasi ce ta tsawon ƙafar daga ƙasa zuwa sama haɗe da taya. Ainihin ma'aunin da masu ƙera keke ke aiki da shi, shi ne faɗin rim daga gefe zuwa gefe, a daidai inda bakin taya ke zama, kuma da milimita ake auna shi:

Ƙafa mai inci 26: milimita 559
Ƙafa mai inci 27.5: milimita 584
Ƙafa mai inci 29: milimita 622

Ku lura, 27.5 ba a tsakiya take ba kamar yadda sunanta ya nuna. Tsakaninta da 26 milimita 25 ne, tsakaninta da 29 kuwa milimita 38.

Wani abin dariya kuma, baƙin keken nan na iyayenmu, mai kariya da birkin ƙarfe, wanda ake ɗora wa buhun gero ranar kasuwa, ana rubuta masa inci 28, amma rim ɗinsa milimita 635 ne. Wato ya fi na keken tseren da ake ce wa 29 girma! Kaurin taya ne ya sa 29 ta samu babban suna.

Malaminmu na Lissafi ya ce kada mu tsaya nan. Ya ce mu ɗauka tudun taya milimita 60 ne, mu ƙara shi sama da ƙasa, sannan mu ninka da 22/7 don mu sami kewaye. Ƙafar 26 ta ba mu milimita 2,134, ta 27.5 ta ba mu kusan 2,213, ta 29 kuma 2,332. Ma'ana, a tafiyar kilomita ɗaya ƙaramar za ta juya kusan sau 469, babbar kuma kusan sau 429.

Amfanin babbar ƙafa

Duk wanda ya taɓa jan akwatin tafiya mai ƙananan tayoyi a kan tsakuwa ya san wahalarsa. Ɗan ƙaramin dutse sai ya tsayar da shi cak. Amma kurar mai ga-ruwa tana bi ta kan wannan dutsen ba tare da ya ji komai ba. Me ya sa?

Mun gwada da kanmu a bayan aji. Mun aro tsohuwar ƙafar keken yara mai inci 20 da ƙafar babban keke daga wurin mai gyaran keken unguwarmu, muka ajiye guntun katako a ƙasa, muka gara su ɗaya bayan ɗaya kamar masu wasan gare. Ƙaramar ta daki katakon ta yi tsalle ta karkace. Babbar ta hau ta sauka ta ci gaba da tafiya. Gani ya kori ji.

Dalilin shi ne, idan dutse ya yi kusa da tsayin tsakiyar ƙafa, ƙafar dukansa take yi kamar bango. Idan kuwa tsakiyar ƙafar ta yi masa nisa a sama, hawansa take yi kamar tudu. Malam ya lissafa mana cewa a kan dutse mai tsayin santimita 10, ƙarfin turin da ƙafar 29 ke buƙata don ta hau ya gaza na ƙafar 26 da kusan kashi 7 cikin 100. Za ku ce ai wannan kaɗan ne. To ku tuna, ɗan tsere yana cin karo da ɗaruruwan duwatsu kafin ya sauka, kuma kowane dutse yana ɗan rage masa gudu.

Haka kuma babbar ƙafa ba ta faɗawa can cikin ƙananan ramuka, sai ta bi ta samansu. Keken ba ya jijjiga sosai, hannun mai tuƙi ba ya saurin gajiya, kuma tayar ta fi daɗewa manne da ƙasa. Taya kuwa sai tana taɓa ƙasa birki yake kamawa.

Kowane allazi da nasa amanu

Da a ce girma kaɗai ne magana, da an yi ƙafa mai inci 40 an huta. Babbar ƙafa tana da nata matsalolin.

Na farko, ta fi nauyi, kuma nauyin yana can bakin rim, nesa da tsakiya. Saboda haka ta fi wuyar tashi da gudu bayan an taka birki, kuma ta fi taurin kai wajen sauya hanya da sauri. A hanya mai kwana-kwana a matse tsakanin itatuwa, ƙaramar ƙafa ta fi saurin bin umarni.

Na biyu, wayoyin da ke riƙe rim sun fi tsawo, don haka in ba a yi ƙafar da kyau ba ta fi saurin lanƙwasa idan aka diro daga tsalle.

Na uku, kuma wannan ne ya fi ba mu dariya, sai daga baya muka gane ba abin dariya ba ne. A gangara mai tsananin tsayi, ɗan tsere ba ya zama a sirdi. Miƙewa yake yi ya tura jikinsa baya, saman ƙafar baya, don kada ya kife ta gaba. A lokaci guda kuma keken yana da sifirin mai shanye duka, wanda ke barin ƙafar baya ta taso sama har kusan milimita 200. Idan ƙafar babba ce, mai keken kuma gajere ne, sai tayar ta goge shi a mazaunai. A cikin irin wannan gudun, hakan na iya jefar da mutum.

Yadda abin ya canza a gasar duniya

Bayan shekarar 2010, 'yan tseren gangara suka fara barin 26 suna komawa 27.5. Ita 29 kuwa, an daɗe ana ganin ta masu tseren dogon zango ce kawai. Sai a shekarar 2017 tawagar kamfanin Santa Cruz ta zo gasar cin kofin duniya a garin Lourdes na Faransa da keken gangara mai ƙafa 29 gaba da baya. Sauran tawagogi suka shiga rububin ƙera nasu. A wannan shekarar Greg Minnaar ya ci tseren Fort William a Sikotilan a kan wannan keke. Abin alfaharinmu shi ne, Minnaar ɗan nahiyarmu ne, haifaffen garin Pietermaritzburg a Afirka ta Kudu, kuma sau huɗu yana zama zakaran duniya: 2003, 2012, 2013 da 2021. Amma ku sani dogon mutum ne, shi ya sa babbar ƙafa ta karɓe shi.

Gajerun 'yan tsere fa? A da, dokar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ce dole ƙafafun biyu su zama girma ɗaya. Daga kakar 2019 aka janye wannan doka. Nan da nan aka fara haɗin gambiza: 29 a gaba, 27.5 a baya. Ta gaba ita ke fara cin karo da duwatsu, sai aka ba ta girma. Ta baya ita ke bin kwana kuma ita ke kusa da jikin mutum, sai aka rage ta. Loïc Bruni na Faransa ya zama zakaran duniya a 2019 a Mont-Sainte-Anne ta Kanada da irin wannan haɗin. Ashe dai abokinmu bai yi ƙarya ba, idonsa ƙalau yake. Waɗanda suka ƙaryata shi sun ba shi haƙuri.

To, yaya ake zaɓa?

Daga abin da muka fahimta, mai zaɓe yana duba abu huɗu.

Tsayinsa: dogo yana da sarari a bayan keke, zai iya ɗaukar 29 gaba da baya. Gajere ya fi sakewa da 27.5 a baya, ko ma gaba da baya.

Irin hanyar: in mai faɗi ce, mai gudu da tarin duwatsu, babbar ƙafa ta fi. In mai tsananin gangara ce da matsattsun kwana da tsalle-tsalle, ƙaramar baya ta fi.

Jikin keken: ba a sauya ƙafa da ka. In ka cire 29 a baya ka sa 27.5, bayan keken zai sauka da milimita 19, wato rabin 38. Feda za ta matso kusa da ƙasa, tana iya dukan dutse. In kuma ka cusa babba inda aka yi don ƙarama, taya za ta riƙa gogar ƙarfe, tana iya cijewa. Sai in masu ƙera keken sun yi shi don ya karɓi duka biyun.

Kayan gyara: ƙafar da ba za ka sami tayarta a kasuwarku ba, ado ce kawai.

Darasin da ya shafe mu

Wani zai ce, mu da ba mu da keken tsere, ina ruwanmu? Da ruwanmu. Ɗaya daga cikinmu ya shafe makonni yana tara kuɗin tararsa don ya sauya tayar kekensa na gwanjo. Ya je kasuwa ya ce a ba shi 26, aka ba shi 26. Da ya zo gida, tayar ta yi wa rim yawa, tana ta yawo. Ashe 26 ɗin ma kala-kala ce. Wadda ya saya 26 x 1⅜ ce, ta rim mai milimita 590, kekensa kuwa 559 yake ci. Mai shagon ya ce kayan da aka fita da su ba sa dawowa. Har yau a ƙasa yake zuwa makaranta.

Don haka kafin ka sayi taya, ka duba gefen tsohuwar. A mafi yawan tayoyi za ka ga lambobi biyu kamar 54-559 ko 40-635. Ta farko kaurin taya ce, ta biyu faɗin rim. Ta biyun nan ita za ka rubuta a takarda ka tafi da ita.

Sai gargaɗi, musamman ga 'yan'uwanmu maza. Waɗancan 'yan tseren suna sa hular kwano mai rufe har haɓa, da abin kare gwiwa da baya. Kekensu yana da birki mai aiki da mai, ana rufe hanyar don su kaɗai, kuma ma'aikatan lafiya suna tsaye a gefe. Duk da haka suna karyewa. Kekenmu na zuwa makaranta ba a yi shi don wannan ba, ko da ƙafarsa inci nawa ce. Kada wani ya karanta wannan ya ɗauki keken Baba ya nufi bayan gari ko bakin kududdufi. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Tambayar mako

Keken yara mai inci 20 yana da rim mai milimita 406. In tudun tayarsa milimita 42 ne, sau nawa ƙafarsa za ta juya a kilomita ɗaya? A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba, in sha Allahu.

Muna godiya ga malamanmu na Fasaha da Lissafi, da mai gyaran keken da ya ara mana ƙafafu bai karɓi ko kwabo ba.

Daga wakilan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.