Tsarin birni: binciken da ya kamata ya riga aza tubali

A ƙarshen watan Agustan 2024, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya rusa gidaje a Maraɗi, ya kuma yi sanadin mutuwar mutane. Shekaru huɗu kafin nan, a Satumban 2020, kogin Isa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsa, ya mamaye unguwanni irin su Lamorde da Saga. Yawan ruwa daga Allah yake, amma wurin da aka gina gida da hanyar da aka bar wa ruwa aikin ɗan Adam ne. A nan binciken tsarin birni yake shigowa, wato nazarin da ake yi kafin a yanke shawarar inda gari zai miƙe.

Mene ne wannan bincike?

Takarda ce mai ɗauke da taswirori da ƙa'idodi, wadda ke amsa tambayoyi masu sauƙin faɗi da wuyar warwarewa. Mutane nawa za su zauna a garin nan da shekaru 15 ko 20? Ina za su yi gidaje? Ina za a sa lakwal, asibiti, kasuwa, tashar mota da maƙabarta? Ina ne bai kamata a yi gini ba ko kaɗan?

A Nijar, doka mai lamba 2017-20 ta ranar 12 ga Afrilun 2017 ita ce ta shimfiɗa ginshiƙan tsara birane. Takardun hawa-hawa ne. A sama akwai babban tsari na dogon zango, wanda ake kira SDAU a Faransance, mai nuna alƙiblar birni baki ɗaya. Akwai kuma PUR, wanda bai kai shi nauyi da tsada ba, ya fi maida hankali kan ayyukan gaggawa. A ƙasa ne ake samun tsarin rabon filaye, lotisma, wanda shi talaka ya fi sani tun da daga cikinsa parsel ɗinsa ke fitowa. A ƙa'ida, ƙaramin yana bin babban. Idan aka raba filaye ba tare da babban tsari ba, kamar an ɗinka hannun riga ne ba a auna mai rigar ba.

Yadda ake shirya shi

Galibi ma'aikatar ministan da ke kula da tsara birane ko hukumar birni ce ke ba wani ofishin ƙwararru aikin, bayan ta rubuta masa abin da take buƙata. Matakin farko shi ne gano halin da ake ciki. Masu awo suna fitar da taswirar tudu da gangare daga hotunan tauraron ɗan Adam da awon ƙasa. Masana ruwa suna bin sawun ƙoramu da tafkuna don sanin inda ruwa ke kwanciya. Ana ƙirga famfuna, layukan lantarki, hanyoyin kwalta da magudanan ruwa. Ana kuma tantance masu ƙasa: ta gwamnati ce, ta komin ce, ko gonar gado ce.

Mataki na biyu hasashe ne, kuma a nan alƙaluman Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, suke da muhimmanci. Ƙidayar 2012 ta nuna Yamai ta haura mutum miliyan 1, Maraɗi na da kimanin 267,000, jama'ar ƙasar kuma na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara. Da irin wannan gudu, jama'a kan ninka cikin shekaru 18 ko kusa da haka. Daga lissafin ne ake fitar da yawan ekar da za a tanada, da azuzuwa, da ruwan sha.

Daga nan ƙwararru su kawo zaɓi biyu ko uku a gaban jami'an birni, sarakuna, masu unguwanni, ƴan kasuwa da ƙungiyoyin mata da matasa. Wannan zama ba na cika ƙa'ida ba ne kawai. Dattijon da ya ga ambaliya uku a unguwarsa ya san wurin da taswira ba ta nuna ba. Bayan gyara, hukuma ta amince da tsarin, daga lokacin kuma ya kamata kowane izinin gini ya dace da shi.

Kowane gari da nasa

Ba a kwafo tsarin wani gari a liƙa wa wani. Damagaram tana zaune bisa dutse, ruwan shanta daga wajen gari ake jawo shi, saboda haka duk sabuwar unguwa tambayarta ta farko bututu ce. Yamai kogi ne ya raba ta biyu, gefen Harobanda kuma ƙasa-ƙasa yake. Maraɗi tana da gulbi a gefe, da zirga-zirgar manyan motocin da ke bin hanyar Katsina da Kano.

Tarihin Maraɗi kansa hujja ne. Tsohon garin a cikin kwari yake, har ambaliyar 1945 ta sa aka maida shi kan tudu, aka yanka masa tituna miƙaƙƙu. Wannan shawara ta tsare zuriyoyi da dama. A Yamai kuwa, dajin dogon yaro da aka fara shukawa a 1965 don kare birnin daga iska da ƙura, gine-gine sun cinye babban ɓangarensa. Tsari ya yi tanadi, amma ba a tsare tanadin ba.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko ita ce rabon filaye ya zama hanyar samun kuɗin shiga ga hukumomin birane, har an taɓa biyan ma'aikata bashin albashi da parsel. Idan kuɗi ake nema cikin gaggawa, ba a jiran bincike. Sai ka ga unguwa an kafa mata turaku, mutane sun gina, amma babu famfo, babu lantarki, babu magudana. Shigar da waɗannan bayan an gama gini ya fi tsada, wani lokaci ma sai an rusa gidaje an biya diyya.

Ta biyu, filayen da aka keɓe wa lakwal ko asibiti sukan koma gidaje da shaguna. Ta uku, masu gonakin bakin gari suna yanka su sayar tun hukuma ba ta iso ba. Ta huɗu, tsarin kan tsufa cikin akwati. Bukukuwan 18 ga Disamba, irin su Maraɗi Kwalliya a 2015 da Zinder Sabuwa a 2018, sun kawo tituna da gine-gine, amma aikin shekara ɗaya ba ya maye gurbin tsarin shekaru 20.

Abin da mai sayen fili zai kula da shi

Kafin ka biya kuɗi, je ofishin kula da filaye na birni ka tabbatar cewa hukuma ta amince da lotisman, kuma lambar filin ta dace da takardar mallaka. Tambayi ko wurin na cikin filayen da aka keɓe wa jama'a. Ka ziyarce shi da damina, ka ji ta bakin tsofaffin mazauna wurin. Sannan ka nemi izinin gini kafin magini ya haƙa harsashi. Araha ba ta ado, filin da aka saya a bakin ƙorama kuwa ruwa ne zai zo karɓar haya.