Of, to, for: Ƙananan kalmomin Turanci da ke sauya lissafin albashi da ma'anar labari

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi a Najeriya daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. Da Hausa zancen a fili yake. Amma mai rubuta labarin da Turanci yana da hanyoyi uku a gabansa, kuma kowace da inda za ta kai shi.

Idan ya ce "an increase in the minimum wage", ya faɗi abin da aka yi wa ƙari ne. Idan ya ce "an increase of N40,000", ya faɗi yawan abin da aka ƙara. Idan kuma ya ce "an increase to N70,000", ya faɗi inda albashin ya tsaya.

Wanda ya yi tuntuɓe ya rubuta "an increase of N70,000" ya gaya wa ma'aikaci cewa albashinsa ya koma naira 100,000. Bambancin naira 30,000 ke nan a wata, wato 360,000 a shekara, duk saboda kalma mai haruffa biyu.

Irin waɗannan kalmomi su ne masu nahawun Turanci ke kira "preposition": of, to, for, in, on, from, by da 'yan uwansu. Sunaye da yawa a Turanci suna da wadda suke tafiya da ita, kuma ba kasafai suke karɓar wata ba.

Me ya sa Bahaushe ke yawan kama "of"?

Hausa tana da nata ƙananan kalmomin, irin su a, ga, daga, don da kan. Sai dai wajen haɗa suna da suna, akasari harafi ɗaya ke yi mana aikin, wato -n ko -r da ake liƙawa a ƙarshen kalma. Mukan ce maganin zazzaɓi, amsar tambaya, makullin ɗaki, dalilin tafiya, harajin kaya.

Yawancinmu tun a firamare muka ɗauka cewa wannan harafi shi ne "of". To amma Bature ya rarraba aikin. Maganin zazzaɓi "a cure for fever" ne. Amsar tambaya "the answer to the question" ce. Makullin ɗaki "the key to the room", dalilin tafiya "the reason for the journey", harajin kaya kuma "a tax on goods".

Misalai biyar ke nan, babu "of" ko ɗaya a cikinsu. Shi ya sa ake yawan cin karo da "solution of our problems" a takardun ƙorafi da jawaban taro, alhali abin da aka fi sani shi ne "solution to our problems". Ba rashin kaifin ƙwaƙwalwa ba ne. Harshen uwa ne ke jan alƙalamin.

Wa ya kai hari, wa aka kai wa?

Ga mai bibiyar labarai a waya, wannan batu ya wuce na aji. "An attack on soldiers" hari ne da aka kai wa sojoji. "An attack by soldiers" kuwa hari ne da sojoji suka kai. Idan mai fassara ya dunƙule su ya ce "harin sojoji", mai karatu ba zai san wanda ya yi da wanda aka yi wa ba. Shi ya sa gogaggun masu fassara kan warware zancen su ce "harin da aka kai wa" ko "harin da suka kai".

Haka abin yake a harkar kuɗi. "Interest in a loan" sha'awar karɓar rance ce, "interest on a loan" kuma kuɗin ruwan da ke kan rancen. Wanda zai sa hannu a takardar banki ya kamata ya san wacce ke gabansa.

Mai neman aiki ma bai tsira ba. Kan takardarsa "application for the post" ne. "Application of" na nufin yin amfani da wani abu, kamar doka ko magani. Kuskure a nan yana faɗowa ne a layin farko, inda idon mai tantancewa ke fara sauka.

'Yancin yi da 'yancin kuɓuta

Babi na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 wuri ne mai kyau na ganin yadda abin ke aiki. Kalmar "right" tana tafiya da "to": sashe na 33 ya yi magana kan "right to life", wato haƙƙin rayuwa, sashe na 36 kuma kan "right to fair hearing", haƙƙin a saurari mutum cikin adalci.

Kalmar "freedom" kuwa fuska biyu gare ta. Sashe na 39 ya tanadi "freedom of expression", 'yancin faɗin albarkacin baki. Sashe na 42 ya tanadi "freedom from discrimination", wato kariya daga nuna wariya. Ta farko dama ce ta yin abu, ta biyu kuɓuta ce daga abu. Wanda ya rubuta "freedom of discrimination" ya juya zancen ya zama 'yancin nuna wa mutane wariya.

Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya yi amfani da wannan rabo a jawabinsa ga majalisar dokoki a watan Janairun 1941, inda ya lissafa 'yanci huɗu. Biyu da "of", na magana da na ibada. Biyu da "from", kuɓuta daga talauci da kuma daga tsoro.

Inda al'ada ta fi ƙa'ida

Ba ko'ina ba ne ake iya gano dalili. A jihohin Najeriya ana cewa "Commissioner for Education", amma shugaban 'yan sandan jiha "Commissioner of Police" ne. Mu a wajenmu duk kwamishina ne, na ilimi da na 'yan sanda. A Abuja babban minista "Minister of Education" ne, ƙaramin minista kuma "Minister of State for Education". A Ghana an fi jin "Minister for Education". Mai rubuta wa hukuma takarda sai ya duba yadda ita hukumar ke rubuta muƙamin, ya bi.

Tarkon suna da aikatau

Akwai wani kuskuren da ya zama ruwan dare a Turancin Najeriya, daga Sakkwato har Kalaba, kuma tushensa na nan. Wasu kalmomin idan suna ne suna buƙatar 'yar rakiya, idan kuma aikatau ne ba sa buƙata.

Daidai ne a ce "a request for leave", amma "I requested leave" ba ya ɗaukar "for". Daidai ne "a discussion about the budget", amma "we discussed the budget" kawai ake cewa. Haka "emphasis on" da "emphasise", haka "demand for" da "demand". Mutane sun ji sunan da 'yar rakiyarsa, sai suka ɗora wa aikatau ita, aka samu "discuss about" da "request for".

A hira ba wanda zai tsayar da kai. A zauren jarrabawa kuwa labari ya sha bamban. Turanci wajibi ne ga duk mai zana jarrabawar JAMB, kuma shi ke da tambayoyi 60 cikin 180. Sai an samu kiredit a Turanci a WAEC ko NECO kafin a shiga jami'a. Tambayoyin cike gurbi da irin waɗannan kalmomi tsofaffin baƙi ne a waɗannan jarrabawa, kuma ma'aunin da ake gyara su da shi shi ne daidaitaccen Turanci.

Mafita

Haddace jerin ƙa'idoji ba ya kai mutum nesa, domin togaciya ta yi yawa. Abin da ya fi amfani shi ne a riƙa koyon suna tare da abokiyar tafiyarsa, tamkar kalma ɗaya. Kada a rubuta "access" a littafi a tsaya, a rubuta "access to". Haka "damage to", "effect on", "need for", "difference between", "congratulations on".

Ƙamus ɗin Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda A. S. Hornby ya tsara aka buga a 1948 domin masu koyon Turanci a matsayin harshe na biyu, yana nuna kalmar da ke bin kowane suna tare da misalai. Yana nan a intanet, kamar yadda na Cambridge yake. Duba kalma ɗaya a waya ba ya cin minti guda.

Ga wanda zai rubuta adadi, akwai tambayoyi uku da zai yi wa kansa kafin ya tura saƙo. Me aka ƙara wa? Nawa aka ƙara? Ina aka tsaya? Ta farko "in" ce amsarta, ta biyu "of", ta uku kuma "to".