Gyaran Gida da Faɗaɗa Shi a Arewacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Kanada da arewacin Amurka, gidaje da yawa suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, saboda akan zurfafa harsashi har ya zarce inda ƙasa ke daskarewa. Idan iyali suka ƙaru, sai a gyara wannan ɗaki ya zama wurin zama. Bahaushe bai gaji wannan tsari ba, domin abin da ya saba haƙawa a gida shi ne rijiya da masai. In gida ya yi masa kaɗan, yakan faɗaɗa ta gefe, ko ya yi sama, ko ya sauya wa wani sashe aiki. Wannan darasi zai dubi yadda ake yin haka a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi.

1.1 Dalilan Faɗaɗa Gida

Dalili na farko shi ne aure. Kowace matar aure tana da haƙƙin ɗakinta, haka kuma ɗa idan ya yi aure akan yanka masa sashe a gidan mahaifinsa. Na biyu shi ne neman abin masarufi. Isowar jirgin ƙasa Ƙauran Namoda a 1929 ta jawo fataken gyaɗa da auduga masu buƙatar masauki, sannan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin a 1983 ta kawo ɗalibai 'yan haya. A Shinkafi kuwa, kasuwar ranar Alhamis ta sa ɗakin ajiye kaya ya yi daraja. Na uku shi ne rashin tsaro, wanda tun wajen 2011 ya riƙa koro mutanen ƙauyuka zuwa waɗannan garuruwa, har gida ɗaya ya ɗauki iyalai da dama.

1.2 Hanyoyin Gyara

(a) Sauya aiki: Akan fasa wa zaure ƙofa ta bakin hanya ya zama shago, ko a tashi turken dabbobi da gurbin rumbu a gina ciki da falo.

(b) Ɗora bene: Maginan gargajiya sukan kaurara bangon ƙasa da tubali domin ya ɗauki nauyin na sama. Tazarar da azarar giginya ke iya ɗauka ba ta cika wuce mita 2 ba, shi ya sa ake yin ɗaurin guga idan ana son ɗaki mai faɗi.

(c) Sauya kayan gini: Bulo da siminti da kwano sun maye gurbin tubali da makuba a gidaje da yawa. Sun rage wahalar yaɓe duk shekara, sai dai ɗakin kwano ya fi soron ƙasa zafi da bazara.

1.3 Abubuwan Lura

Ba kowane gyara ne ke ƙara wa gida daraja ba. Ɗora bulo a kan tsohon harsashin ƙasa yana jawo tsagewa, ga shi kuwa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cike tsakar gida da ɗakuna yana toshe iska da magudanar ruwa, ya kuma hana mata wurin girki da shanya. Wajibi ne a kiyaye haƙƙin maƙwabci: kada indararo ya zuba a gidansa, kada tagar bene ta leƙa iyalinsa. Haka nan, gidan gado da ba a raba ba, duk wanda ya yi gini a cikinsa ba da yardar sauran magada da shaidu ba, ya shuka rigima.

1.4 Kammalawa

Darajar gida a wurin Bahaushe ba ta tsaya ga kuɗin da dillali zai yanka masa ba. Ta haɗa da sutura ga iyali da masauki ga baƙo da zaman lafiya da maƙwabta. Gyaran da ya kiyaye waɗannan shi ne mai riba.

Tambayoyi

1. Bayyana ma'anar azara da makuba da indararo da ɗaurin guga.
2. Kawo dalilai 3 da ke sa a faɗaɗa gida a garinku.
3. Tsara darasi ga 'yan firamare a kan sassan gidan Bahaushe.