Yadda magungunan antibayotik ke rusa katangar ƙwayoyin cuta

A shagunan kemis na Sabon Gari da Samaru a Zariya, magunguna irin su Ampiclox da Amoxil na daga cikin waɗanda jama'a suka fi sani, har wasu kan saya don mura ko zazzaɓi. Sai dai amfanin waɗannan magunguna ya rataya ne a kan abu guda: katangar da ke kewaye da ƙwayar cutar bakteriya.

Bakteriya halitta ce mai ɗaki ɗaya wadda ido ba ya gani. Ruwan da ke cikinta na matsa jikinta da ƙarfi, kuma abin da ke hana ta fashewa shi ne wata katanga mai kama da raga, wadda aka saƙa da zaren sukari da na sinadaran gina jiki.

Duk lokacin da ƙwayar za ta girma ta rabu biyu, dole ta buɗe katangar ta ƙara sabon gini. Wasu sinadarai nata ne ke aikin magina, suna ɗaure sabon zare da tsoho.

Inda maganin ke kai hari

Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, kan manne wa waɗannan magina ya hana su aiki. Ƙwayar na ci gaba da girma, amma katangar ta yi rauni, sai ta fashe ta mutu.

Haka danginsa ke aiki, wato amfisilin da amoksisilin, da kuma seftiriyazon da ake yi wa masu sanƙarau allurarsa.

Ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam ba su da wannan katanga, shi ya sa maganin ke kashe cutar ya bar majinyaci, ko da yake akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar fenisilin.

Wannan dalili ne kuma ya sa ba ya maganin mura, domin bairos ke haddasa ta, kuma bairos ba shi da katangar. Ita ma ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba ta da ita.

Katanga iri-iri

A 1884 wani likita ɗan Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da hanyar rina bakteriya wadda har yau ɗaliban kimiyya ke koyo a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.

Masu katanga mai kauri kan riƙe launin shunayya. Masu siririyar katanga, kamar ƙwayoyin taifot da kwalara, kan fito da launin ja-ja, kuma suna da ƙarin mayafi a waje da ke hana wasu magunguna shiga.

Ita kuwa ƙwayar tarin fuka, katangarta na lulluɓe da maiƙo mai kama da kakin zuma, kuma a hankali take girma. Shi ya sa jinyarta kan ɗauki aƙalla wata 6 da haɗin magunguna, aikin da ake horar da ma'aikatan lafiya a kansa a cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa da ke Saye, kusa da Zariya.

Bijirewar ƙwayoyin cuta

Su ma ƙwayoyin cutar ba su zauna haka nan ba. Wasu na fitar da sinadarin da ke karya fenisilin kafin ya isa katangar, wasu kuma sun sauya siffar maginansu yadda maganin ba zai kama su ba.

Duk sa'ad da aka sha maganin ba bisa ƙa'ida ba, raunana ne ke mutuwa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Tun a 1945, lokacin da ya karɓi lambar yabo ta Nobel, Fleming ya yi gargaɗin cewa shan maganin ƙasa da kima zai haifar da hakan.

Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya a 2019 sakamakon bijirewar bakteriya ga magunguna, kuma matsalar ta fi ƙamari a yammacin Afirka.

Najeriya ta ƙaddamar da shirinta na farko na yaƙi da matsalar a 2017.

Shawarar likitoci ita ce kada a sayi kafso biyu ko uku a kemis don mura, kada a ba wani ragowar magani, kuma a sha wanda likita ya rubuta daidai yadda ya tsara.