Tinikling: Rawar Da Ake Yi Tsakanin Sandunan Gora Biyu

Ku ɗauka an kwantar da dogayen sandunan gora biyu a ƙasa. Mutum ɗaya ya durƙusa a wannan ƙarshe, wani a wancan, kowa ya kama bakin sandunan da hannu bibbiyu. Suna buɗe su, suna haɗa su da ƙarfi, ƙwas! Sai a ce ku sa ƙafa a tsakani, babu takalmi, ku cire kafin su haɗu. Za ku yarda? To, a ƙasar Filifins wannan rawa ce, sunanta Tinikling, kuma yara 'yan firamare ma suna koyonta a darasin motsa jiki.

Filifins tarin tsibirai ce sama da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya, rawar kuma ta fito ne daga tsibirin Leyte. An ɗauko sunanta daga wani tsuntsun fadama mai dogayen ƙafafu da suke kira tikling, wanda ke yawo cikin gonakin shinkafa yana ɗaga ƙafa a hankali, yana tsallake ciyawa da tarkon gora da manoma ke ɗana masa. Mai rawa shi ne tsuntsun, sandunan kuma su ne tarkon.

Da muka fara kallon bidiyon rawar, mun zaci sai mai saurin ƙafa na ban mamaki ne zai iya. Ashe sirrin duk yana cikin ƙirga uku. A kan ɗaya, masu riƙe da sanduna suna haɗa su. A kan biyu da uku, suna ware su, su buga su sau biyu a kan guntun katakon da aka sa a ƙarƙashin kowane ƙarshe. Haɗe, buɗe, buɗe. Don haka dokar mai rawa ɗaya ce tak: kada “ɗaya” ta same ka a ciki.

Ga takun farko. Ku tsaya a gefen hagu na sandunan, ƙafar dama tana kusa da su. Ɗaya: ɗan tsalle a kan ƙafar hagu, a waje. Biyu: ƙafar dama ta shiga tsakiya. Uku: ta hagu ta karɓe ta a tsakiya, ta dama ta tashi. Ɗaya kuma: ta dama ta sauka a waje, a ɗaya gefen, ta hagu tana sama, sanduna su haɗu a banza. Shi ke nan, kun ƙetare. Dawowa ma haka take, sai dai ƙafar hagu ce ke fara shiga. Wanda ya taɓa wasan langa ya san yadda ake tsayuwa da ƙafa ɗaya, saboda haka rabin aikin ya riga ya ƙare masa.

Akwai kuma takun ƙafa biyu: a dira a tsakiya da ƙafafu a haɗe sau biyu, sannan a ware su, ɗaya dama ɗaya hagu, sandunan su haɗu a tsakaninsu. Ƙwararru suna ƙara juyi, ko su shiga biyu-biyu suna riƙe da hannun juna, yayin da makaɗa masu jita da sauran kayan kiɗa masu tsirkiya ke ƙara sauri. Ana taka ƙasa da gaban tafin ƙafa ne, ba da diddige ba, a ɗan lanƙwasa gwiwa, kuma ba a tsalle mai nisa. Duk wanda ya tashi sama da yawa zai makara wajen sauka.

Mu a ganinmu, waɗanda aka fi mantawa da su a wannan rawa su ne masu riƙe da gora. 'Yan kallo ba sa yi musu tafi, amma idon sawun mai rawa a hannunsu yake. In ɗayansu ya yi gaggawa, ko ya ɗaga sanda sama fiye da kima, ko ya tsaya dariya, wani ne zai koma gida yana ɗingishi. Shi ya sa ya kamata a zaɓa wa wannan aiki masu natsuwa, ba masu ƙarfi ba.

Ba duk raye-rayen ƙasar ne na tsalle ba. Malamansu kan fara da tsayuwa iri biyar ta ƙafa da riƙon hannu iri biyar, sannan motsi masu sunaye. Saludo shi ne sunkuyawar gaisuwa da ake buɗe rawa da ita. Kumintang shi ne juya wuyan hannu a zagaye. Hayon-hayon kuwa hannu ɗaya a gaban ƙugu, ɗaya a baya, ana musanyawa. A rawar Pandanggo sa Ilaw, daga tsibirin Lubang, mace na ɗora fitilun mai guda uku, ɗaya a ka, biyu a bayan hannuwa, tana taku cikin ƙirgan ukun nan ba tare da ta kayar ba. Can kudu, a tsibirin Mindanao, al'ummar Maranao, waɗanda Musulmi ne, suna da tasu rawar gorar mai suna Singkil. A irin yadda ake nuna ta a dandali, ana gicciya sanduna huɗu, mai rawa tana ratsawa da mafici a hannu, kai a ɗage, ko kallon ƙasa ba ta yi.

Yadda aka yi waɗannan taku suka shiga aji kuwa, aikin wata malamar makaranta ce, Francisca Reyes-Aquino. Tun daga shekarun 1920 ta riƙa shiga ƙauyuka tana kallon masu rawa, tana rubuta kowane taku da ƙirgansa da kiɗansa, a lokacin da raye-rayen Amurka ke jan hankalin matasan birni. Littattafanta suka zama abin koyarwa a makarantu, kuma a 1973 gwamnati ta ba ta babbar lambar yabo ta ƙasa a fannin rawa.

In kuna son gwadawa, kada ku fara da sanda. Ku ja layi biyu a ƙasa da alli ko gawayi, tazarar da ƙafafu biyu za su shiga a wadace, wani ya riƙa tafi yana ƙirga uku a hankali. Sai kun iya ƙetarewa ku dawo sau goma ba kuskure sannan a kawo gora, mai santsi, marar tsaga, a gaban malamin wasanni. Ranar farko ma a bar sandunan a buɗe a ƙasa, masu riƙewa su yi ta ƙirga da baki kawai.